An yi mini aikin zuciya ina yaro, yanzu ina saurin haki: zan iya motsa jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matashi ne ɗan shekara 26 a nan cikin Kano. An haife ni da rami a zuciya, aka kai ni Indiya aka yi mini aiki ina ɗan shekara huɗu. Tun daga lokacin ban ƙara kwanciya a asibiti ba, kuma na daɗe rabona da likitan zuciya. Amma idan muka fita ƙwallo ni nake fara gajiya, hawa bene ma wani lokaci sai na tsaya na huta. Mahaifiyata tun ina ƙarami take hana ni guje-guje. Shin ƙarfina ba zai taɓa kai na sauran mutane ba? Motsa jiki zai amfane ni ko cutar da ni zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, gajiyar da kake ji gaskiya ce, ba lalaci ba ne, kuma ba kai kaɗai ba ne. Akasarin waɗanda aka yi wa aikin zuciya suna yara, idan aka auna su bayan sun girma, ƙarfinsu na jure wahala yana ƙasa da na sa'o'insu. Sai dai wannan giɓin kashi biyu ne. Akwai kason zuciya da huhu, akwai kuma kason zaman da aka sa mutum ya yi shekara ashirin ana ce masa kada ya yi gudu. Na biyun ana iya dawo da shi, kuma sau da yawa ya fi girman yadda ake zato. Na farkon kuwa awo ne kawai ke nuna girmansa, kuma wani lokaci shi ma yana da gyara. Shi ya sa ba zan ce maka "je ka buga ƙwallonka" ba, ba kuma zan ce "zauna" ba, sai an raba waɗannan biyun.

Ga yadda likitoci suke auna ƙarfin. Ana ɗora mutum a kan keken gwaji ko injin tafiya, a sa masa abin rufe baki da hanci mai auna iskar da yake shaƙa da wadda yake fitarwa, a liƙa masa wayoyin ECG masu naɗar bugun zuciya a ƙirji, a riƙa ƙara nauyin aikin kaɗan-kaɗan har ya ce ya gaji, yawanci cikin minti 8 zuwa 12. Babban abin da ake nema shi ne mafi yawan oksijin da jikinsa ya iya amfani da shi a minti ɗaya, a kan kowane kilo na nauyinsa. Wani bincike da aka yi a asibitin Royal Brompton na Landan, aka buga a 2005, ya auna manya 335 masu ciwon zuciya na haihuwa. Matsakaicin abin da suka samu mililita 21.7 ne, alhali sa'o'insu masu lafiya sun samu 45.1. Waɗanda aka gyara wa tsukewar awota, wato babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, su ne a sama da kusan 29, masu ciwon Eisenmenger, wato waɗanda ramin da ba a rufe ba ya sa jinin huhunsu ya hau sosai, su ne a ƙasa da kusan 11.5. Abin da ya fi ɗaukar hankali a binciken shi ne, hatta waɗanda suka ce ba sa jin komai, awonsu ya fito ƙasa ƙwarai. Mutumin da bai taɓa sanin cikakken ƙarfi ba yakan ɗauki abin da ya saba da shi a matsayin lafiya, ya riƙa rage tafiyarsa da hawansa ba tare da ya lura ba.

Kada waɗannan alƙaluma su tsorata ka. Babban asibiti ne da ake tura masa masu ciwo mai wuya, don haka mai ƙaramin rami da aka rufe da wuri yakan fi haka sosai. Amma suna bayyana abin da kake ji a fili. Mutum yana zaune yana cin kusan mililita 3.5. Tafiya da sauri tana cin kamar 14. Ƙwallon unguwa tana cin 25 ko fiye. Wanda iyakarsa 45 ce, yana tafiya da sauri bai taɓa ko sulusin ƙarfinsa ba. Wanda iyakarsa 22 ce, wannan tafiyar ta cinye masa kashi biyu cikin uku, ƙwallo kuwa ta wuce abin da yake da shi gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga mutum lafiya lau a kasuwa da masallaci, amma minti goma a fili ya kama gwiwa.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka nemo takardar sallamar da asibitin Indiya ya ba iyayenka, wadda aka rubuta irin ciwon da irin aikin. A nan Kano kusan duk ciwon zuciyar da aka haifi yaro da shi rami ake ce masa, alhali cututtuka ne daban-daban, kuma makomarsu wajen motsa jiki ba ɗaya ba ce.

Idan takardar ta ce VSD, wato rami tsakanin ɗakunan ƙasa biyu na zuciya, ko ASD, rami tsakanin ɗakunan sama, ko PDA, wata jijiya da ya kamata ta rufe bayan haihuwa amma ta ƙi, kuma an rufe da wuri, ba sauran yoyo, jinin huhu bai hau ba, bugun zuciya daidai, to a ƙa'ida ba a hana irin wannan mutum kowane wasa ba. Duk da haka masu bincike a birnin Aarhus na ƙasar Denmak sun nuna cewa hatta waɗanda aka rufe wa VSD lafiya suna yara, ƙarfinsu a girma yana ɗan ƙasa da na takwarorinsu. Ƙasa kaɗan, ba irin wanda zai sa matashi ya tsaya a tsakiyar bene ba. Idan kana cikin wannan rukuni kuma hawa ɗaya ko biyu yana tsayar da kai, sai a nemi wani dalili.

Idan kuwa ta ce TOF, wato ciwon Fallot, wanda yaro yake yin shuɗi a leɓe da farce ya riƙa tsugunawa idan ya gaji, to a nan ne ya kamata a dakata a yi bayani, domin shi ne ya fi yawa a cikin masu shuɗi da ake kaiwa waje aiki, kuma shi ne ya fi yaudarar iyali. Yaron yakan dawo jajur, ya girma, ya yi makaranta, kowa ya ce ya warke. Amma lokacin aikin, domin a buɗe hanyar da ke kai jini huhu, sau da yawa sai likitan fiɗa ya tsaga bawul ɗin wurin, wato marfin da ke hana jini komawa baya, ya sa faci. Bawul ɗin sai ya daina rufewa da kyau. Duk bugun da zuciya ta yi, wani kaso na jinin da ta tura huhu sai ya dawo baya. Ɗakin dama na ƙasa yakan jure wannan ƙarin kaya shekara goma sha biyar, ashirin, har fiye, yana buɗewa a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba. Daga nan sai ƙarfi ya fara raguwa, bugun zuciya ya fara rikicewa. Shekarunka na yanzu su ne daidai lokacin da wannan yake bayyana. Likita zai duba faɗin QRS, wato tsinin da ke nuna bugun ɗakunan ƙasa, a takardar ECG. Idan ya kai milisakan 180, alama ce da ake ɗauka da muhimmanci. Zai duba girman ɗakin dama da eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka ta hanyar sauti, in da hali da MRI, domin shi ne yake ba da ainihin awo, kuma idan girman ya kai kusan mililita 160 a kan kowace murabba'in mita ta jiki ana fara maganar sauya bawul ko da mutum bai koka ba. Dalilin gaggawar shi ne, idan aka bari ɗakin ya buɗe da yawa, ko an sa sabon bawul ba ya komawa yadda yake. Mai TOF da ya ga ƙarfinsa yana raguwa, motsa jiki ba shi ne maganinsa na farko ba.

Wanda aka gyara wa tsukewar babbar jijiyar awota matsalarsa hawan jini ce. Yana zaune awonsa zai iya fitowa daidai, amma da ya fara gudu sai lambar sama ta awon ta haura 210. A auna masa a hannun dama, domin wasu ayyukan suna taɓa jijiyar hannun hagu har awon can ya riƙa fitowa ƙasa da gaskiya. A kuma auna ƙafa: idan hannu ya fi ƙafa da sama da 20, ana zargin wurin ya sake tsukewa. Irin waɗannan, da duk wanda awotarsa ta buɗe, su ne aka fi hana ɗaga kaya mai nauyi.

Sai aikin Fontan, wanda ake yi wa yaron da ɗaki ɗaya ne kawai yake harba jini a zuciyarsa. Ana haɗa jijiyoyin da ke dawo da jini daga jiki kai tsaye da na huhu, ba famfo a tsakani. Kamar ruwan tankin saman gida ne da ke gangarowa da nauyinsa: idan tankin ya yi ƙasa, ruwan ya rage gudu, ba injin da zai ƙara masa. Shi ya sa ƙarfin masu Fontan yakan tsaya wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na abin da ake sa rai, kuma ƙishirwa tana kayar da su da wuri. Amma su ne ma suka fi kowa buƙatar ƙarfin cinya da sha-raɓa, domin matsewar waɗannan tsokoki ita ke taimaka wa jinin ya hau. Waɗanda aka yi wa aikin Mustard ko Senning, inda ɗakin dama ne yake ɗaukar nauyin harba jini ga jiki duka, su ma suna buƙatar tsari na musamman daga likitansu. Wanda kuma jinin huhunsa ya riga ya hau sosai, wannan ba ya shiga gasa ko aikin ƙarfi, tafiya a hankali ce tasa.

Ban da irin ciwon, akwai abubuwan da ke rage ƙarfi waɗanda ba a cika kula da su ba. Na gaba-gaba shi ne zuciyar da ba ta iya ƙara sauri yadda ya kamata. A ƙiyasi, mafi saurin bugu shi ne 220 a cire shekarun mutum, wato 194 a wajenka. Idan ka yi iya ƙoƙarinka a gwaji amma bugun bai kai kashi 80 cikin ɗari na wannan ba, kamar 155, to wurin da ke kunna bugun ya yi rauni, sau da yawa saboda ɗinkin da aka yi kusa da shi, ko kuma magani irin su atenolol, bisoprolol da carvedilol ne ke riƙe shi. Kada ka daina irin wannan magani da kanka don ka samu gudu. Sai huhu: ƙirjin da aka buɗe yana ƙarami, musamman idan sau biyu ko uku ne, ba ya buɗewa kamar na kowa, wani ƙashin bayansa ya ɗan karkace, wani kuma jijiyar tantanin numfashinsa ta taɓu a lokacin aiki. Gwajin hura iska yana nuna wannan cikin minti kaɗan. Sai ƙarancin jini, wanda a garinmu ba a raina shi: zazzaɓin cizon sauro a kai a kai, tsutsar ciki, jinin al'ada mai yawa ga mata, ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci. Gwajin PCV mai arha zai iya bayyana rabin hakin wani. Ga masu sauran shuɗi kuwa, PCV ɗinsu mai yawa dabara ce ta jiki don ya samu oksijin, ba jinin da za a zubar ba ne, don haka kada a je a yi ƙaho da sunan rage shi.

Ka je sashen masu ciwon zuciya, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, da takardunka a hannu, ka faɗa musu a sarari cewa kana so a tantance ka don motsa jiki. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai sun tattara abin da ake dubawa a abu biyar: ƙarfi da girman ɗakunan ƙasa, hawan jinin huhu, faɗin awota, tsarin bugun zuciya, da yawan oksijin a jini kana zaune da kana motsi. Eko yana amsa ukun farko. ECG, da na'urar Holta da ake rataya wa mutum ta kwana tana naɗar bugunsa na awa 24, suna amsa na huɗu. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana amsa na biyar: 96 zuwa sama daidai ne, faɗuwa ƙasa da 90 lokacin motsi kuwa yana nufin jini yana ratsawa ta wata kafa ko huhu na da matsala. Idan biyar ɗin nan suka fito lafiya, ƙofa a buɗe take. Idan ɗaya ya samu tangarɗa, ba a rufe ƙofar, ana rage zafin motsin ne da irinsa.

Gwajin nan mai auna iska ba kowane asibiti ke da shi ba. Idan ba a samu ba, gwajin ECG a kan injin tafiya yana nuna abubuwa masu yawa: iya mintin da ka jure, inda bugunka ya kai, yadda hawan jininka ya yi, da ko bugun ya rikice. Akwai kuma gwajin tafiyar minti shida, wanda ba ya buƙatar komai sai baranda mai tsawon mita 30, agogo da na'urar yatsa. Ka yi ta kai da komo da iya saurinka ba gudu ba, a ƙirga mitocin. Manya masu lafiya sukan yi tsakanin 400 zuwa 700, matashi ya kamata ya kasance can sama. Amfaninsa ba a kwatanta ka da wani ba ne, a kwatanta ka da kanka ne bayan wata uku da bayan shekara.

Game da tsoron faɗuwa a fili, wanda na san shi ne a zuciyar mahaifiyarka: wani babban bincike da aka buga a 2012 kan mutuwar farat ɗaya a manya masu ciwon zuciya na haihuwa ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma ne kawai ya faru lokacin motsa jiki, mafi yawa suna zaune ne ko suna barci. Sannan nazarin da Cochrane, ƙungiya mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2020, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 15 da mutum 924, bai samu wani mummunan lahani daga shirye-shiryen motsa jiki ba, kuma ya samu ƙarin kusan mililita 2 a wancan awon oksijin. Ƙarin ba mai yawa ba ne a takarda, amma ga wanda iyakarsa 22 ce, kusan kashi ɗaya cikin goma ne, kuma wanda ya fara daga zama zalla yakan ji bambancin a bene tun kafin awo ya nuna. A gefe guda, zaman yana kawo ƙiba, hawan jini da ciwon suga a kan zuciyar da dama tana da tabo. A ganina cutar da hani yake yi wa waɗannan matasa ta fi wadda wasa yake yi musu yawa nesa ba kusa ba. Hajiya ba ta yi laifi ba, abin da aka riƙa faɗa wa iyaye ke nan a wancan zamani. Ka tafi da ita ranar da za a duba ka, ta ji daga bakin likita. A kuma gaya mata cewa ƙashin ƙirji yana haɗewa cikin wata biyu zuwa uku bayan aiki, ɗinkin shekara ashirin ba ya warwarewa don an yi gudu.

Idan an ba ka izini, ka fara da tafiya, ba da ƙwallo ba. Mako biyun farko minti 10 zuwa 15, kwana biyar a mako, a wuri mai shimfiɗa kamar Filin Sukuwa ko cikin tsohuwar jami'ar Bayero. Kowane mako ka ƙara minti biyar har ka kai 30 zuwa 40. Burin shi ne minti 150 a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi. Ma'aunin zafi mafi sauƙi shi ne magana: ka iya yi wa abokin tafiyarka magana jimla-jimla, amma numfashinka ya ɗan yi sama. Idan kalma ɗaya-ɗaya kake iya fitarwa, ka wuce gona da iri. Idan kana so ka bi lissafin bugu, ka yi amfani da wanda ka kai a gwajinka, ba na ƙiyasi ba: wanda ya kai 170, kashi 60 zuwa 75 nasa shi ne 102 zuwa 128. Bayan mako shida zuwa takwas sai ka fara saka sassarfa, minti ɗaya gudu-gudu, minti biyu tafiya, sau biyar ko shida. Hawan Dala ko Goron Dutse ka bar shi sai wata na uku. Kullum ka ɗauki minti biyar zuwa goma kana ɗumama jiki a farko, haka kuma a ƙarshe. Tsayawa cak bayan gudu yana sa jini ya taru a ƙafafu, hawan jini ya faɗi, kuma a wannan ɗan tsakanin ne jiri da rikicewar bugu suka fi zuwa.

Ƙarfafa tsoka sau biyu a mako yana da kyau: tsugunawa da tashi, hawa da sauka a matakala ɗaya, ɗaga abu marar nauyi da za ka iya maimaitawa sau 12 zuwa 15 kana numfashi. Abin da ake gudu shi ne yunƙuri tare da riƙe numfashi, domin yana harba hawan jini sama nan take. Wannan ba a gidan ɗaga ƙarfe kaɗai yake ba. Buhun siminti ko na shinkafa mai kilo 50, jarka biyu cike da ruwa, tura motar da ta mutu, duk shi ne. Mai VSD da aka rufe lafiya zai iya kaiwa can a hankali. Mai buɗaɗɗiyar awota, ko raunin ɗakin zuciya, ko hawan jinin huhu, ya bar wa wasu.

Ƙwallo tana da wata matsala ta daban: ba kai kake zaɓar saurinka ba, wasan ne yake zaɓar maka, kuma kunyar abokai tana hana mutum fita idan ya ji ba daidai ba. Ka koma mata bayan wata uku na shiri, ka fara da rabin lokaci, ka kuma gaya wa mutum ɗaya ko biyu a filin abin da aka yi maka. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, musamman mai bawul na ƙarfe, ya guji duk wasan da ake karo ko faɗuwa, dambe da kokawa kuwa babu su sam, domin bugu ɗaya a ka zai iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Mai batirin zuciya shi ma ya kiyaye duka a ƙirji. Mutane sukan kawo misalin Nwankwo Kanu, wanda aka yi wa aikin bawul ɗin awota a Amurka a 1996, ya dawo fili har ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Misali ne mai ƙarfafa gwiwa, amma bawul ɗaya aka gyara masa yana babba, a jikin da ya riga ya horu, likitoci kuma suna bin sa sau da ƙafa. Ba ma'auni ba ne ga mai Fontan ko TOF.

Yanayin Kano yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma a zafi zuciya tana aiki biyu, tana ciyar da tsoka tana kuma tura jini fata don a huce. Lokacinka shi ne bayan sallar asuba, ko dab da magariba. Ka sha ledar ruwa ɗaya, rabin lita, awa ɗaya ko biyu kafin ka fita, ka riƙa kurɓa duk minti 15 zuwa 20, sai fa idan likita ya ƙayyade maka ruwa saboda kumburi. Wani lokaci ka auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa: raguwar da ta wuce kashi biyu cikin ɗari, kamar kilo 1.2 ga mai kilo 60, tana nufin ba ka sha isasshe ba. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, ka yi naka a cikin gida. A watan azumi, mai gyaran da ya fito lafiya zai iya tafiya marar zafi kafin shan ruwa, ko mai ɗan zafi awa biyu bayansa. Mai Fontan, mai sauran shuɗi, mai hawan jinin huhu da mai shan maganin fitsari irin furosemide, su zauna da likita kafin watan ya kama, domin bushewar jiki tana daskarar musu da jini, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Lemukan ƙarin kuzari, tramadol da magungunan ƙarfin maza na bakin titi suna tayar da bugun zuciya, ka nisance su gaba ɗaya.

Ranar da kake da zazzaɓi ba motsa jiki, sai ka warke da kwana biyu ko uku. Idan zazzaɓin ya ƙi tafiya bayan maganin maleriya, musamman ga mai bawul na roba ko na ƙarfe ko sauran yoyo kusa da faci, a ɗebi jini a yi gwajin da ke gano ƙwayar cuta a cikinsa kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin ƙwayar cuta tana iya zama a jikin bawul. Sannan akwai alamomin da idan ka ji su za ka tsaya nan take ka nemi likita: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri ko duhun gani, bugun da ya tashi farat ɗaya da gudu ko yana tsalle-tsalle, hakin da bai lafa ba bayan minti biyar na hutu, leɓe ya yi shuɗi, ko kumburin ƙafa. Suma ana tsakiyar gudu ita ce mafi hatsari a cikinsu. Ba a yayyafa ruwa a ce rana ce, asibiti ake nufa a ranar, kuma ba a komawa fili sai an gano dalili.

Tunda kana shekarun aure: wanda yake iya hawa bene hawa biyu ba tare da ya tsaya ba, yawanci mu'amalar aure ba ta fi ƙarfinsa ba. Ga 'yan'uwa mata masu irin wannan tarihi, ciki yana ƙara yawan jinin da zuciya take harbawa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na tsawon watanni, don haka a yi eko da gwajin ƙarfi kafin a ɗauki ciki, ba bayan an ɗauka ba. Mai hawan jinin huhu ciki yana barazana ga ranta ƙwarai.

Idan takardun Indiya sun ɓata, ba a rasa hanya ba. A rubuta wa asibitin da sunanka da shekarar aikin, da yawa suna ajiye bayanai. A tambayi iyayenka ko kana yin shuɗi kafin aikin, ko sau nawa aka shiga da kai tiyata, da ko an ce za a sake wani aiki idan ka girma. Tabon ma yana ba da labari: na tsakiyar ƙirji yakan nuna an buɗe zuciyar kanta, na gefe ta ƙarƙashin hamata zuwa baya yakan nuna PDA, ko gyaran awota, ko wata hanyar wucin gadi da aka yi wa mai shuɗi. Ƙwararren mai eko zai gane sauran. Bayan wannan dubawar, mai VSD da aka rufe ba sauran matsala yakan koma duk kamar shekara biyar, mai TOF ko Fontan ko Mustard kuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin kansa garau. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta mitocin tafiyarka ta minti shida duk wata uku, ka tafi da shi kowace ganawa. Idan kana motsa jiki a kai a kai amma lambar ta ƙi hawa, ko ta sauka sau biyu a jere, kada ka jira ranar da aka ba ka.